Laftof ta faɗi, rumbu yana ƙas-ƙas: ko fayilolina za su dawo?

Tambayar daga wani malamin makaranta take, mazaunin Hotoro, wanda kuma yake digiri na biyu a Jami'ar Bayero. Ya ce laftof ɗinsa ƙirar HP ta faɗo daga kan tebur tana kunne, ɗansa ne ya yi tuntuɓe da wayar caja. Ta ci gaba da aiki kwana biyu amma da nauyi, tana yawan sandarewa, daga nan ta daina shiga Windows, sai rubutun "Boot Device Not Found" da lambar 3F0. In ya kara kunne yakan ji ƙas-ƙas 'yan kaɗan, sai shiru. A ciki akwai babi huɗu na kundinsa, da sakamakon jarrabawar ɗalibai, da hotunan iyali. Mai gyara ya ce a ɗora mata sabon Windows, in ta ƙi a canza rumbun ajiya, wato had dis. Wani aboki kuma ya ce ya sa rumbun a firiza ya kwana. Me zai yi?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare gaba, Allah kuma ya sa yaron bai ji ciwo ba.

Tun kafin ka gama karanta wannan amsa, cire cajar ka kashe laftof ɗin, kada ka sake kunna ta don a gani ko za ta tashi. Na san hannu yana ƙaiƙayi. Kowa haka yake yi, ya kunna da safe, ya kunna bayan la'asar, ya ba maƙwabci ya gwada sa'arsa. Amma rumbun da ya ji rauni, duk kunnawa ɗaya rage masa kwana take yi, kuma ɗan abin da ya rage masa ɗin shi ne jarinka. A wajen aikinmu na ceto fayiloli daga rumbu, da yawa daga fayilolin da suka tafi har abada ba faɗuwa ce ta tafi da su ba, ƙoƙarin gyaran da ya biyo bayanta ne.

Aiki biyu ne a gabanka, mutane kuma suna cakuɗa su. Akwai tayar da laftof, akwai ceto abin da ke cikinta. Na farkon ba wuya: a sa sabon rumbu, a ɗora Windows, kafin azahar ka ɗauki abarka. Wannan aikin mai gyaran ya hango, kuma ba ƙarya ya yi maka ba. Sai dai kai ba laftof ce damuwarka ba, babi huɗun nan ne. In aka ɗora sabon Windows a kan wannan rumbun, kimanin gigabait 20 na sababbin bayanai za a zuba a wurin da kayanka suke kwance, abin da aka rubuta wani abu a kansa kuwa ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi, ko a Kano ko a Amurka. In za a canza rumbu a canza, amma ka karɓi tsohon a hannunka. Kada ka yarda da "bar shi nan Malam, ai ya mutu", kada kuma ka yarda a rage maka kuɗi a madadinsa.

Bari in faɗa maka abin da ke faruwa a ciki, don in ka gane shi ba sai na yi ta jero maka hane-hane ba. Rumbun laftof irin na da, mai inci 2.5, faifai ne ɗaya ko biyu a cikinsa, galibi na gilashi da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, wato sau 90 a kowace daƙiƙa. Akwai wani hannu siriri mai ɗauke da allurar karatu da rubutu a bakinsa. Allurar nan ba ta taɓa faifan. Iskar da juyawar take tayarwa ce ke ɗaga ta, tana shawagi a tazarar da ba ta kai nanomita 10 ba, alhali silin gashin mutum yakan kai nanomita dubu 50 ko fiye a kauri. In laftof a kashe take, allurar tana can gefe a ma'ajiyarta, shi ya sa wata za ta zame daga kujerar adaidaita sahu a kashe ta tashi lafiya lau. In kuwa a kunne take, irin taka, allurar tana tsakiyar faifai, sai ta doki fuskarsa yana tsaka da gudu. Ko ta karce wurin, ko ita ta lanƙwashe, ko duka biyun. Wasu laftof ɗin HP suna da na'urar da take jin faɗuwa ta janye allurar, 3D DriveGuard sunanta, amma sai da manhajarta take aiki, irin Windows ɗin da ake ɗorawa a kasuwa cikin gaggawa kuwa ba kowa ke damuwa ya sa ta ba.

Nauyin nan na kwana biyu, rumbun ne yake ta faman karanta wuraren da suka karce, yana maimaitawa, Windows tana jiransa. Wannan ne lokacin kwashe kaya. Ba don in ɗora maka laifi na faɗa ba, sai don duk wanda kwamfutarsa ta soma irin wannan nauyin bayan ta bugu ya san agogo ya fara ƙirga masa.

Ita kuma ƙas-ƙas ɗin, ga tushenta. Duk lokacin da aka kunna rumbu, kafin ya ba kwamfuta komai sai ya karanta wasu bayanai nasa na kansa, waɗanda kamfani ya rubuta a wani ɓoyayyen sashe na faifan. In allura ta kasa karanta su, sai hannun ya koma gefe, ya dawo, ya sake komawa. Kai-komon nan kake ji. Bayan 'yan gwaje-gwaje sai ya haƙura ya tsayar da faifan, shi ne shirun da ke biyo baya, kwamfuta kuma ta ce ba ta ga komai ba, ta fito maka da 3F0. Da a ce wani ɗan kuka siriri kake ji, zii-zii, ba tare da motsin faifai ba, da sai in ce allura ce ta manne a jikin faifan ta hana shi juyawa, hakan ma yana yawan faruwa bayan faɗuwa. Da kuma shiru ne tsit, ko motsi babu, da na yi maka murna kaɗan, don sau da yawa wannan matsalar allon lantarkin da ke bayan rumbun ce, faifan yana nan garau.

Gaskiya ɗaya ce: abin da ka kwatanta ya fi kama da raunin allura. In haka ne, babu manhajar da za ta yi maka magani, ta kyauta ko ta kuɗi, domin manhaja ba ta ganin abin da allura ba ta karanto ba. Amma ban yanke hukunci ba tukuna. Lambar 3F0 ita kaɗai cewa kawai take yi ba a ga inda Windows take ba, kuma faɗuwa takan sassauta mahaɗin da ke tsakanin rumbu da uwar kwamfuta, wato babban allon lantarkin da komai ke jone da shi. Ƙarar ma kan iya zama ta fanka ko ta gidan faifan DVD. Saboda haka akwai gwaji guda ɗaya da ya cancanci a yi, zan zo kansa.

Kafin nan, kuma kafin ka kashe ko sisi, zauna da biro da takarda ka bi sawun kayanka a wasu wurare. Mutane suna mantawa da yawan inda suka watsa aikinsu. Buɗe Gmail ka duba saƙonnin da ka aika: babin da ka tura wa malamin da ke duba kundinka yana nan maƙale. Duba WhatsApp, ɓangaren takardu, naka da na abokan karatu. Je shagon da ka buga babi na ƙarshe, ko a Kabuga ne ko a cikin makaranta, don masu shagunan nan ba su cika goge abin da aka zuba musu a kwamfuta ba. In ka taɓa shiga Windows da asusun Microsoft, leƙa OneDrive ta waya, sau da yawa yana kwafe foldar Desktop da Documents mai shi bai ma sani ba. Ko bugaggen kwafin da malami ya yi wa gyara da jan biro, dukiya ne: a ɗauki hotonsa da waya, manhaja irin su Google Lens ta mayar da shi rubutu, kai kuma ka bi ka gyara. Sakamakon ɗalibai wataƙila yana wajen jami'in jarrabawa ko a takardun maki. Hotuna kuwa ka tambayi maiɗakinka, ba mamaki rabinsu suna wayarta.

In ka zo kan filashi ka tarar foldodinka duk sun koma shotkot, kada gabanka ya faɗi, kada kuma ka danna su. Wannan cutar shagunan buga takardu ce, ɓoye kayan take yi ba gogewa ba. A wanke filashin da manhajar kashe cuta, sannan a buɗe Command Prompt a shiga harafin filashin a rubuta attrib -h -r -s /s /d, komai zai fito.

Abin da ya rage a takardarka bayan wannan bincike shi ne ainihin asararka, shi ne kuma zai faɗa maka nawa ya kamata ka kashe. In babi na huɗu ne kawai ya yi saura, lissafin daban ne da a ce bayanan da ka yi wata shida kana tattarawa a fili ne suka tafi.

To, gwajin. A cire batir, a kwance rumbun a hankali, a sa shi a kes ɗin waje ko wayar da ke haɗa SATA, wato bakin mahaɗin rumbun, da USB, ana samun su a Beirut Road da Farm Centre. Kada a yi gwajin a tsakiyar kasuwa inda janareto ke ruri ta kowane ɓangare, a nemi ɗaki shiru. A ɗora rumbun a kan tebur, ka kawo kunnenka kusa, sannan a jona shi da lafiyayyar kwamfuta. In ka ji faifai ya ɗauka sannan ƙas-ƙas ta biyo baya, zare wayar nan take, kada ka jira ya yi sau goma. Magana ta ƙare, aiki ya koma na masu buɗe rumbu. In kuwa ya ɗauka sumul ya bayyana a kwamfuta, alhamdu lillahi, amma a nan ne ake yin kuskure mafi tsada. Windows za ta iya cewa sai an yi fomatin kafin a yi amfani da shi: ka ce a'a. Za ta iya tayin dubawa da gyarawa: ka ce a'a. Kada ka tsaya buɗe hotuna kana tuna baya. Shiga foldar Users, ka nemi sunanka, ka ɗauko kundin nan shi kaɗai, wanda duka-duka bai wuce 'yan megabait ba, sannan sakamakon ɗalibai. Kada ka zaɓi komai da komai ka ce kwafe, don Windows in ta ci karo da gurbi ɗaya, wato ɗan wurin ajiya a kan faifai, da ya lalace sai ta tsaya a kansa tana nika, rumbun ya ƙarasa mutuwa a kan wani tsohon bidiyon da ba ka ma buƙata.

Daga nan a duba lafiyarsa. Kowane rumbu yana rubuta tarihin ciwonsa da kansa, tsarin da ake kira SMART, kuma ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo tana nuna shi: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja haɗari. Layuka uku nake fara dubawa. Na 05 shi ne gurabun da suka mutu aka maye su da na ajiya, C5 gurabun da ya kasa karantawa yake jiran hukunci a kansu, C6 kuma waɗanda suka gagara. In ɗayansu ya tashi daga sifili, wannan rumbun ba abin dogaro ba ne kuma. A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da nazari a kan rumbuna fiye da 100,000 na cibiyoyinsu. Sun ga cewa wanda aka samu kuskuren farko a fuskar faifansa, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta sauran sau 39. Sun kuma ga cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu babu wani gargaɗi da SMART ya bayar. Wato rawaya gaskiya take faɗa, amma shuɗi ba rantsuwa ba ne.

Aikin da ya dace a yi wa rumbu mai ciwo shi ne a ɗauki hotonsa gaba ɗaya, wato cikakken kwafinsa, gurbi bayan gurbi, zuwa wani lafiyayyen rumbu da ya kai shi girma ko ya fi shi, sannan a ajiye mai ciwon a ci gaba da aiki a kan hoton. Manhajar da na fi yarda da ita a nan ita ce GNU ddrescue. Kyauta ce, a kan Linux take aiki, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ba Windows ba, ana iya tayar da kwamfuta da filashin Ubuntu ko SystemRescue, duka nau'in Linux ne, ba tare da an ɗora komai ba. Hikimarta ita ce ba ta jayayya da wurin da ya lalace. In ta zo ta ga ya yi tauri sai ta tsallake ta kwashi mai sauƙi tukuna, sai ta gama zagaye sannan ta dawo tana lallaɓa wuraren da ta bari. Tana kuma rubuta taswirar inda ta karanta da inda ta bari a wani ɗan fayil, saboda haka in aka ɗauke wuta da tsakar dare, gobe daga inda ta tsaya za ta ɗora. A garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka a yi aikin a kan inbata ko laftof mai batir mai kyau, don yankewar wuta kwatsam ita ma duka ce ga allura mai rauni. A kuma sa masa fanka. Yawancin rumbunan nan an ƙera su ne su yi aiki ƙasa da digiri 55 zuwa 60 na zafi, a watan Afrilu kuwa iskar Kano kanta tana haura 40 tun kafin rumbu ya fara aiki. Lafiyayyen rumbu mai gigabait 500 awoyi kaɗan ne, mai ciwo yana iya cin kwanaki. Kuma wanda zai yi maka ya duba sau biyu wanne ne tushe, wanne ne mazubi: in aka juya su, wofin ne zai hau kan kayanka.

In hoto ya samu, sai neman fayiloli. Ka ɗauki sito a Kantin Kwari: akwai diloli a jibge, akwai kuma littafin da ke nuna dilar wane tana wane lungu. A tsarin NTFS na Windows, littafin nan shi ake kira MFT. In ka goge fayil, ko aka yi fomatin na gaggawa, littafin kawai aka taɓa, aka rubuta cewa lungu kaza babu kowa, amma dilar tana nan har ranar da aka kawo sabon kaya aka ɗora a wurin. Shi ya sa ake iya dawo da abin da aka goge, shi ya sa kuma duk abin da ka sauke ko ka ajiye bayan gogewar yake rage maka rabo. Cikakken fomatin kuwa, tun daga Windows Vista, sifili yake bi yana rubutawa a ko'ina, bayansa babu sauran magana.

In ɓangaren rumbun ne ya ɓace ko ya koma RAW, wato Windows ta daina gane tsarinsa, manhajar TestDisk takan gano shi. In littafin ne ya yage, 'yar'uwarta PhotoRec ba ta ma duba shi, bin faifan take tana gane fayil ta alamar da ke farkonsa. Wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ne ya rubuta su biyun, kuma kyauta ne. Aibin PhotoRec shi ne sunaye da foldodi ba sa dawowa, sai ka ga dubban fayiloli masu suna f da lambobi, ka zauna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Recuva ta dace da wanda ya goge abu bisa kuskure a lafiyayyen rumbu, ba irin naka ba. DMDE da R-Studio sun fi iya dawo da foldodi da sunayensu, kuma suna nuna maka abin da suka gani kafin ka biya. Abin da ba na so shi ne ka je neman wadda aka fasa a intanet don gudun biya. Ta irin wannan hanyar cutar nan ta STOP/Djvu take shiga, ta kulle fayilolin mutum ta bar masa takardar neman kuɗin fansa, garin neman gira a rasa ido. Duk abin da aka ceto a zuba shi a wani wuri na uku, kuma ka buɗe ka gani da idonka. Ganin suna ba shi ne samun fayil ba. Takardar Word ta zamani dunƙulalliya ce a matse, rami kaɗan a tsakiyarta yana hana ta buɗewa, hoto kuma sai ya fito rabi fes rabi toka.

Wani zai ce maka a yi masa chkdsk, wato manhajar dubawa da gyarawa ta Windows. Kada ka bari. Aikinta daidaita littafi ne ba ceton kaya ba, duk abin da ba ta gane ba sai ta yanke ta jefa a foldar FOUND.000 da sunaye marasa ma'ana, ga kuma wahalar da take ba allura. Haka manhajojin da ke iƙirarin warkar da gurabun da suka lalace: karcen da ke jikin gilashi ba ya warkewa da manhaja.

Maganar firiza kuwa, tsohuwar dabara ce daga zamanin wasu rumbunan da ba irin na yanzu ba. Ka fito da ƙarfe mai sanyi cikin zafin Kano, nan take raɓa za ta kwanta a kansa ciki da waje, faifan kuma ya juya da ruwa a fuskarsa a ƙarƙashin allurar da tazararta ba ta kai nanomita 10 ba. Abokinka alheri yake nufi, amma ka gode masa kawai. Haka masu cewa a ɗan buga shi a tafin hannu.

Mafi muni shi ne buɗewa. An taɓa kawo mini wani rumbu da aka riga aka kwance a wani shago a bakin titi, cikin hunturu, wai don a ga abin da ke ƙara. Da na ɗaga murfin, ga shatin babban yatsa a kan faifan, ga wani zobe mai launin toka ya zagaye shi inda lanƙwasasshiyar allura ta yi ta nika bayan an mayar an sake kunnawa. A kusurwa akwai wani ɗan matacin iska fari, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ya koma baƙi ƙirin. Wannan baƙin garin shi ne fatar faifan da aka kankare, wato shi ne fayilolin mai shi. Babu wanda zai iya mayar da gari faifai. Canza allon lantarki ma ba kamar canza batir ba ne. A kan allon akwai wani ɗan guntu, galibi mai ƙafa takwas, da ke ɗauke da ma'aunin wannan rumbun shi kaɗai, in ba a ciro shi an dasa a sabon allon ba, ko lambarsu ɗaya ba zai karanta ba.

In ta tabbata allura ce, aikin na masu kayan aiki ne: teburi mai tace iska, wani rumbun iri ɗaya sak da za a ciri allurarsa a dasa, da na'ura irin PC-3000 ta kamfanin ACE Lab da ke magana da rumbu kai tsaye. Ba kowane mai allon "ana dawo da data" ke da waɗannan ba, da yawa manhaja ce kawai a hannunsu. Ka yi tambaya ba kunya. A ina za ku buɗe shi? Kuna da wanda za ku ciri allura a jikinsa? Za ku ɗauki hoto tukuna ko a kansa za ku yi aiki? Nawa ne kuɗin dubawa, nawa ne in an samu, nawa ne in ba a samu ba? Wanda ya ce da kai tabbas komai zai dawo tun bai duba ba, ɗauki kayanka ka yi gaba. In ta kama a aika Legas ko Abuja, a naɗe shi da soso a kwali mai ƙarfi a aika, don gwajin farko shi ne mafi daraja, kowane hannu da ya biyo baya raguwa yake tararwa. Ka kuma shirya jin kuɗin da zai iya fin na laftof ɗin kanta. A nan takardar da ka rubuta ɗazu za ta yi maka amfani: wani lokaci sake rubuta babi ɗaya ya fi araha, wani lokaci kuma abin da ke ciki ba ya sake samuwa.

Akwai kuma batun amana, wanda ba a cika faɗa ba. Wanda ka ba rumbunka ka ba shi cikin gidanka, da hotunan iyalinka da takardun banki da sakamakon 'ya'yan mutane. Nemi wanda aka sani da mutunci, ka faɗa masa foldodin da kake so, ku yi yarjejeniya a rubuce cewa zai goge kwafin da ke wajensa bayan ka karɓa.

In an buɗe laftof aka tarar SSD ce a ciki, wato ma'ajiya ta zamani marar faifai, lissafin ya canza, ko da yake mai ƙas-ƙas ba SSD ba ce, don ita ba abin da ke motsi a cikinta. Ba ta tsoron faɗuwa, amma in za ta mutu ba ta sallama, kuma abin da aka goge a kanta yakan tafi da wuri saboda umarnin TRIM, wanda ke sa ta share gurabun da aka saki ba tare da jiran sabon kaya ba. A sababbin MacBook ma manne take da uwar kwamfutar, ba a cire ta. Sai kuma BitLocker, makullin da Windows ke sa wa rumbu, wanda a sababbin kwamfutoci yakan kunna kansa. In an jona rumbu a wata kwamfutar ya nemi mabuɗi mai lamba 48, a asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga da shi ake samunsa. Matsalarmu a nan ita ce sau da yawa mai shago ne ya buɗe asusun da imel ɗinsa ranar da aka saya, ko kuma laftof ɗin ta hannu ce da ta fito daga wani kamfani a Turai. Ba mabuɗi, ba fayil, ko da rumbun lafiyarsa ƙalau.

Game da tayar da laftof ɗin, kada ka sake sayen mai faifai. SSD mai inci 2.5 tana shiga gurbin tsohon daidai, ga sauri, ga jure jijjigar hanya. Ka sa a buɗe maka CrystalDiskInfo a gabanka ka ga awoyin da ta yi tana aiki, don ba duk abin da ke cikin kwali ne sabo ba. Kundin kuma daga yau ya zauna a wuri uku: a laftof, a filashi ko rumbun waje, da kuma intanet. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive 5, kundinka gaba ɗaya bai kai bidiyon kamu guda ɗaya nauyi ba. Ko tura wa kanka imel kake yi duk dare da kwanan wata a jikin sunan fayil ɗin, ya wadatar. Rumbun wajen kada ya kwana a jaka ɗaya da laftof, don ɓarawo ba ya tsayawa rabewa, kuma ka tuna shi ma faifai da allura ne a cikinsa.

Tsohon rumbun, ko an ceto ko ba a ceto ba, sa shi a leda ka ajiye a durowa har sai ka kare kundinka an sa hannu. Bayan nan kada ka sayar wa 'yan jari-bola yadda yake, don abin da ya gagare ka karantawa ba lallai ya gagari wani ba. A huda shi ko a sa masa guduma, amma a naɗe shi da tsumma tukuna, gilashin ciki tarwatsewa yake yi.